Baba Ya Ɗaga Buroshi

Wata sanda na fara gani kafin in ga mai ita. Ina budurwa a lokacin, ina zaune a tsakar gidanmu da hantsi da littafin soyayya a cinya. Na kai daidai inda saurayi ya tsaya ƙarƙashin tagar masoyiyarsa ruwa yana dukansa, sai ga wata doguwar sanda ta leƙo ta saman katangarmu tana tafiya kamar ita kaɗai. Buroshi ne a kanta, ruwa yana ɗiga, rana tana kama kowane ɗigo kafin ya faɗi. Na jefar da littafin na taka turmi na leƙa. Wani siririn dattijo ne ya saɓa ta a kafaɗa, a bayansa wani saurayi yana tura kura cike da jarkoki, ya naɗe tiyo a wuya. Dattijon bai gan ni ba. Saurayin ya gan ni, har ya kusa jefa kurar a kwata.

Saurayin nan shi ne maigidana. Dattijon kuwa shi ne wanda Allah ya karɓi abinsa, wanda nake rubuta wannan don kada a manta da shi. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Ba zan kama sunansa ba. Surukina ne, ban taɓa faɗin sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara don ya kwanta dama ba. Baba nake ce masa. Shi kuma Amarya yake ce mini, har na haihu, har yaran suka shiga makaranta.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da ban taɓa zaton sun san ƙofar gidanmu ba. Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Zango, tun daga zaure ta shigo da kuka.

"Wayyo Yaya! Shekara da shekaru kana goge gidajen mutane, ka tafi ba ka bar ko bulo ɗaya da za a nuna a ce naka ne ba!"

Inna, uwar mijina, tana ƙuryar ɗaki da carbi. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ki yi masa addu'a dai. Ba bulo ake tambaya a can ba."

Muryoyin maza suna shigowa ta zaure. Na ji ladanin unguwa yana cewa shi tun da aka sa wa masallaci gilashi bai taɓa sanin ana wanke shi ba, sai da Baba ya kwanta ciwo ya ga tagogin sun dushe. Wani maigadi, daga cikin masu tsaron benayen nan na bakin titi, ya ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Ɗauraya." Aka kwashe da dariya, sai kuma aka tuna inda ake, aka koma salati. Sunan da matasan unguwa suka laƙaba masa kenan, wai a garin sarauta irin Daura bai kamata a bar shi haka ba rawani. Shi bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce, "Na karɓa. Sai dai talakawana duk gilashi ne, ba sa kawo gaisuwa."

Akwai kuma maganar da ba a ɗaga murya da ita. Wata maƙwabciya ta matso kusa da wata, ba ta san ina bayansu da tire ba.

"Kin ga ɗan farin kuwa? An ce idonsa a bushe ƙamas, ko a maƙabarta."

"Ina zai ga hawaye? Uban ya tafi bai ce ya yafe masa ba."

Ni kuwa na kasa zama. In shiga madafa, in fito, in sake wanke kofunan da na riga na wanke. Mata suka ɗauka hidima ce. Saƙo ne a bakina. Baba ya ba ni shi kafin ya cika, ya ce in kai wa ɗansa, ni kuma ban san ko yafiya ce ko baki ba ne. Ga shi matar abokin maigidana ta raɗa mini cewa ya ce da zarar an tashi daga makoki zai tsallaka iyaka da babur ɗinsa, ba zai iya zama a garin da ubansa ya mutu yana fushi da shi ba. In saƙon alheri ne, shi zai tsayar mini da miji. In kuwa ba shi ba ne, ni da bakina zan kore shi.

Sai an san Baba za a gane abin da ya ɗaure mini kai.

A Kaduna ya koyi aikin, wurin wani kamfanin share-share, ya dawo gida da sandarsa lokacin da benaye masu gilashi suka fara tsirowa a Daura. Sandar tana zuƙewa ta miƙe, tiyo yana bi ta cikinta, ɗan famfo mai batir yana tura ruwa har bakin buroshi. Yana tsaye a ƙasa yake wanke tagar bene, bai taɓa taka tsani ba. Amma in aka yaba sandar sai ya kaɗa kai, ya ce sanda baiwar ruwa ce kawai.

Ruwan ne ransa. Duruka ne jere a gindin katangarmu, kowanne a rufe ruf. Ruwan sama na farko ba ya tara, sai ya bari ya wanke kwano tukuna, na baya yake tarewa, ya tace, ya rufe. Ko Inna ba ta isa ta sa moɗa a ciki ba. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa ko kusa. Ya ce duk ruwan da ya kwana a ƙasa yana ɗauke da gishirin ƙasa, in ya bushe a gilashi sai ya bar fararen ɗige-ɗige. Wata rana wani baƙo ya tsokane shi, ya ce to ruwan Kusugu fa, mai albarka? Baba ya ce, "Sha shi, ka kai wa iyali tsaraba. Gilashi bai san tarihi ba."

Na taɓa tsayawa kallon aikinsa, ina kan hanyar awo, na laɓe bayan wani mai shayi don kada ya gan ni. Da ƙarfen saman taga yake farawa, don a nan datti ke ɓuya ya jira ka juya baya ya gangaro. Sai ya bi gefe-gefe, ya fatattaki yanar gizo da gidan zanzaro, sannan ya gurza gilashin sama da ƙasa. Daga nan sai ya ɗan ja da baya, ya ɗaga buroshin daga jikin gilashi kamar tafin hannu, ya bar ruwa kaɗai yana zuba. Daga can sama yake farawa, ya kai dama, ya dawo hagu, yana saukowa a hankali, ruwan yana shimfiɗuwa kamar labulen siliki. Bai yarda ruwa ya taɓa bangon da ke saman taga ba. Da ya kai ƙasa sai ya kashe famfo ya wuce ta gaba, ya bar ta jiƙe sharkaf. Ba tsumma, ba waiwaye. Daga lokacin da ya ɗaga buroshi ba ya sake taɓa gilashin nan.

Wata Hajiya ta taɓa leƙowa ta sama ta ce, "Malam, ka bar mini taga tana kuka!"

Ya ce, "Hajiya, bar ta ta gama. In kika share mata za ki gani a fuskarta."

Inuwa yake bi. Da safe ya wanke yammacin gida, da la'asar gabas, don rana ba ta barin ruwa ya sauko da abin da ya ɗauko. Idan yana ɗauraya ba ya amsa sallama sai ya kai ƙasa. Mutane da yawa sun ce girman kai ne.

Farkon aurena na sha kuka a ɓoye. Na shigo gidan da kaina cike da littattafai, ina jiran mijin da zai riƙa kirana tauraruwa, sai na samu wanda in ya ji daɗin miya sai dai ya ce a ƙaro. Na koma ga littattafaina, a ɗaki mai duhu mai 'yar kafa a bango, har tuwo ya riƙa kamawa. Inna ta kai ƙara wurin Baba ina ji, ta ce yarinyar nan takarda za ta ci. Da aka kwana biyu sai ga Baba da magini da wani gilashi da aka cire a gidan da yake wa aiki. Aka fasa bangon ɗakina aka kafa. Inna ta riƙe haɓa.

"Na ce maka tana ƙona abinci, ka buɗe mata taga?"

"Cikin duhu take karatu, shi ya sa ba ta gamawa da wuri."

Ita ce tagar gilashi kaɗai a gidan. Kullum ya dawo aiki, da sauran ruwan jarka yake ɗauraye ta. Ni da shi ba mu taɓa haɗa ido ba. In na ji tafiyar buroshi a gilashi sai in ce daga ciki, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Amarya, an kai ina? Sun yi auren?" In rufe fuska da littafin don kunya.

Rigimarsa da maigidana a kan gidan wani Alhaji ta tashi, bene mai shuɗin gilashi, ana gobe ɗaurin auren 'yarsa. Zazzaɓi ya kwantar da Baba, ya tura ɗansa shi kaɗai. Bazara ce, ruwan duruka ya kusa ƙarewa, duro ɗaya ya rage. Maigidana ya ga ba dalilin ɓarnar da shi. Ya cika jarkoki a burtsatse, ya barbaɗa garin sabulu, ya wanke gidan tas, tagogin ƙasa har ya bi su da tsumma. Ya dawo kafin azahar yana fito. Gilashi yana jiƙe yana walƙiya, kowa ya yaba. Da rana ta busar da shi sai gidan ya fito dabbare-dabbare kamar mai ƙyanda.

Direban Alhaji ne ya zo har zaure da ƙorafi. Baba ya tashi jikinsa yana rawa, ya buɗe duron ƙarshe, ya je ya sake wanke gidan daga sama har ƙasa, 'yan biki suna wucewa suna kallonsa. Da ya dawo ya tarar da ɗansa a ƙofar gida cikin abokai. Baba bai taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne, "yaron nan" yake ce masa. Ranar ma bai kama ba.

"Yaron nan, ka wanke mini suna da ruwan burtsatse."

Da maigidana ya yi shiru da an wuce wurin. Amma abokai suna kallo.

"Wane suna, Baba? Wanda ake kira ana dariya? Aikin da in ka yi shi da kyau ba mai sanin ka yi?"

Ina bayan ƙyaure, duk a kunnena. Baba ya jingine sandar, ya shige.

Maigidana bai sake taɓa tiyo ba. Ya samu babur ya shiga jigilar mutane da kaya a hanyar Mashi. Gida ɗaya muke, amma tsakaninsu sai "Ina kwana, Baba," sai "Lafiya." Shekaru aka yi a haka. Na roƙe shi ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce ya durƙusa, Baba ya ce masa "Tashi, ba komai," irin ba komai ɗin da ke da komai a ciki. Tagata kuwa Baba bai daina wanke ta ba, sai dai yanzu gurzar ta yi tsawo. Ina ciki ina jin buroshi yana kai yana komowa a kan 'yar tagar da ba ta da wani datti. Ya daina tambayata ko sun yi auren.

Ranar da zai cika, maigidana ya fita tun da safe da lodin Mashi, wayarsa ba ta shiga. Inna ta tafi kiran mai allura. Na kawo kunu na ajiye a bakin ƙofa yadda na saba, zan juya sai na ji ya ce, "Amarya, shigo." Ban taɓa taka ɗakinsa ba. Na durƙusa daga bakin tabarma kaina a ƙasa. A littattafai, a irin wannan wuri uba yakan kama hannu ya yi dogon jawabi, kowa ya yi kuka. Na shirya kunnena.

"Yaron nan bai dawo ba?"

"Bai dawo ba, Baba."

Ya daɗe yana numfashi. Sannan ya ce, "Ki ce masa na ɗaga buroshi."

"Na'am, Baba?"

"Haka za ki ce. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Bai sake magana da ni ba. Kafin la'asar ya cika da kalmar shahada a bakinsa, Inna tana kansa. Maigidana ya iso ana fitowa da makara.

Da mutane suka ɗan ragu na gaya wa Inna. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Ya cire hannunsa kenan. Ai kin san in ya ɗaga ba ya sake taɓawa." Ta kama gefen zanena. "Ki haɗiye maganar nan, 'yar nan. Kada ki kashe mini ɗa da rai."

Haka na yi ta yawo da ita a tsakar gida. In na tuna yadda yake juya wa taga baya ya tafi ba waiwaye, sai in ce Inna ta yi gaskiya. In na tuna muryarsa, ba fushi a cikinta, sai in ce a'a. Na yi tunanin in canza, in ce Baba ya ce ya yafe maka duniya da lahira, yadda ake rubutawa. Har na gwada faɗi a madafa ni kaɗai. Amma mamaci ya ce kada in ƙara, kada in rage, kuma amana ce.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, maigidana ya shigo cikin gida. Bai nufi ɗaki ba. Ya zauna a gindin duruka yana ɗaure wata jaka da igiyar roba, irin ɗaurin da ake yi wa kayan doguwar tafiya. Ya rame, idon nan jawur amma a bushe. Inna tana kallona ta labule tana girgiza kai. Na je na tsuguna a gabansa.

"Baban yara, akwai saƙo."

"Na wa?"

"Na Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Ya ce in ce maka ya ɗaga buroshi."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Sake faɗi. Yadda ya faɗa."

"Ki ce masa na ɗaga buroshi."

"Ya ɗaga? Ba ya ajiye ba? Ba ya jefar ba?"

"Ya ɗaga."

Igiyar ta kuɓuce ta daki duro, ya yi ƙara. Na ce shi ke nan, na rusa gidana. Na fara cewa wataƙila zafin ciwo ne, kada ya sa a ransa. Sai ya ce, muryarsa tana karyewa, "Ke ba ki taɓa riƙe masa tiyo ba. Baba ba ya ɗaga buroshi a kan gilashin da ya rage da datti. In tabo ya ƙi fita, yini zai yi a kansa yana gurza, ni ina ƙasa wuyana yana ciwo. Sai ya tabbata ba sauran komai yake ɗagawa. Daga nan kuma ba abin da ke bi sai ruwa mai tsabta."

Sannan kukan ya zo. Ba irin na littafi ba ne, mai ɗigo ɗaya a kumatu. Kuka ne na ƙato, da majina, da sheshsheƙa, har Gwaggo ta fito da gudu ba ɗankwali, Inna ta saki labule ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana hamdala. Ni kuwa ga abin da na daɗe ina jira ya zo, mijina yana kuka a gabana, na san abin da ake yi a wannan shafin. Na kama bakin mayafina na kai fuskarsa.

Ya riƙe mini hannu.

"Bar shi," ya ce. "Kada ki goge."

Allah ya jiƙan Baba, ya wanke shi da ruwan rahama, ya sa kabarinsa ya fi kowace taga haske. Gwaggo ta yi gaskiya, bai bar bulo ba. Wanda ya bi titin Daura yana neman aikinsa ba zai ga komai ba, sai sararin sama a jikin gidajen mutane.

Maigidana bai tsallaka iyaka ba. Bai kuma zama Baba ba, kada in ƙara. Har yau babur ne sana'arsa, furfura ta fara fito masa, kuma har yau in miya ta yi daɗi sai dai ya ce a ƙaro. Amma duruka suna nan a gindin katanga, in damina ta faɗi shi ke barin ruwan farko ya wuce. Duk ranar Alhamis da la'asar yakan dawo da wuri ya saɓi sandar ya nufi masallaci, matasan unguwa suna yi masa kirarin Yarima. Sauran ruwan jarka na tagata ne. Ina ciki ina jin buroshi, gurza kaɗan, sai shiru, sai ruwa yana saukowa. Kwanan baya, da ya kashe famfo, na ji bai tafi ba. Ya yi gyaran murya daga bayan gilashin da ke jiƙe, ban ga fuskarsa sosai ba.

"Amarya," ya ce, "sun yi auren?"